Gwano ba ya jin warin jikinsa: wasiƙa ga 'yan'uwana Kirista

Edita ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam min fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu jin Hausa, in ma Musulmi ya karanta ba laifi, ƙila ya tsinci wani abu a ciki. Ni Bahaushiya ce Kirista daga wajen Malumfashi, aikin ungozoma ya kawo ni Sudan, yanzu haka ina zaune a Gadarif, garin riɗi da dawa, kusa da iyakar Habasha. Ta waya nake karanta ku duk sanda netwok ya samu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin muna magana a Facebook da guruf ɗin coci na WhatsApp, kowa ya riga ya gama sanin komai, kowa ya san laifin Musulmi, ya san laifin Turawa, ya san laifin kakanninmu da suka yi tsafi, ya san laifin cocin da ba nasa ba, amma da wuya ka ji wani ya tsaya ya ce anya mu ma babu wani abu da muka saba da shi har ido ya daina ganinsa, wanda jikokinmu za su zo su riƙe baki su ce ashe haka iyayenmu suka yi kuma suna zuwa sujada duk Lahadi? Wannan tambayar ta daɗe tana cina, kuma zaman ƙasar nan ne ya ƙara min ita, don tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ban taɓa haɗuwa da mutum ɗaya da ke ganin ɓangarensa na da laifi ba, kowa a kan gaskiya yake, ga mutane kuma suna ta mutuwa.

Yesu ya yi wata magana a Matiyu sura 23 da ba a cika wa'azi a kanta ba. Ya ce wa malaman Attaura da Farisiyawa suna gina kaburburan annabawa suna ƙawata su, suna cewa ai da a zamanin kakanninmu muke da ba za a haɗa kai da mu a zub da jinin annabawa ba. Mutanen da ke faɗin haka kwana kaɗan ya rage su miƙa shi a gicciye. Wato sun ga makantar iyayensu sarai, tasu ce ba su gani ba. To mu fa, me ya sa muke tsammanin mun fi su ido?

A duba tarihinmu na Kirista mana, ba na wasu ba. A nan ƙasar da nake an yi masarautun Kirista ɗaruruwan shekaru tun kafin bishara ta leƙa ƙasar Hausa, akwai Dongola akwai Soba kusa da Khartoum, sun gina majami'u masu kyau, har a farkon shekarun 1960 masu tonon tarihi daga Poland suka tono babbar majami'ar Faras da zane-zanen tsarkaka a jikin bango kafin ruwan dam ɗin Aswan ya shanye wurin. Amma wannan masarauta ta Dongola, a yarjejeniyar da ta ƙulla da masu mulkin Masar a shekara ta 652, ta yarda za ta riƙa aika bayi 360 duk shekara, kuma yarjejeniyar ta yi kusan shekara 600 tana aiki. 'Ya'yan wasu ne fa ake kamowa a ɗaure a tura arewa, bishop na nan, ana baftisma, ana cin jibin Ubangiji, abin ya zama kamar haraji da aka saba biya. A Ingila ma wata babbar ƙungiyar mishan ta cocin Anglican ta gaji gonakin rake a tsibirin Barbados a 1710, tana noma su da bayi, har ana yi wa bayin lalas a ƙirji da sunan ƙungiyar, da kuɗin ake tallafa wa aikin bishara, sai a 2006 cocin Ingila ya fito ya nemi gafara. 'Yan Baptist na kudancin Amurka sun ɓalle a 1845 a kan batun ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan, su ma sai a 1995 suka nemi gafara, shekara 150 ke nan. Kuma duk da ayoyi suke kare kansu, musamman labarin Nuhu da 'ya'yansa a Farawa sura 9, alhali in ka buɗe wurin Kan'ana aka la'anta, babu inda aka ambaci baƙar fata.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther, mutumin da aka ceto daga jirgin bayi yana yaro, ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Anglican a 1864, ya yi ta hawa da sauka a kogin Kwara yana kafa ikilisiyoyi, amma a 1890 wasu samarin 'yan mishan da ba su kai sa'ar 'ya'yansa ba suka zo suka dakatar da fastocinsa a gaban idonsa a Onitsha, suka wulaƙanta tsoho, ya rasu a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Samarin nan ba 'yan iska ba ne, masu addu'a ne, masu neman tsarki, sun bar ƙasarsu sun zo inda zazzaɓi ke kashe Turawa. Sun dai taso ne a zamanin da kowa a ƙasarsu ya ɗauka baƙin mutum ba zai iya shugabanci ba, abin ya shiga jininsu har suna ganin kishin Allah ne ke tura su. Wannan ne abin tsoron, Edita. Da mugaye ne da sai mu ce to mu ai ba mugaye ba ne mu wuce. Amma mutanen kirki ne kamar fastocinmu da dattawanmu, kamar ni da mai karatu.

A gidanmu ma abin ya taɓa mu. Kakana mata biyu gare shi lokacin da ya karɓi bishara, aka ce masa ba za a yi masa baftisma ba sai ya sallami ta biyun. Ya sallame ta. Kakata, wadda ita ce uwargida, har ta tsufa in ta tuna sai ta yi hawaye, ta ce ranar da kishiyarta za ta tafi ita ta ɗaura mata kaya a ƙwarya, ta raka ta har bakin rafi da goyo a baya da wani yaron a hannu, matar ba ta yi laifin komai ba, ta koma gidan ubanta ta ƙarasa rayuwarta tana cewa addinin nan ne ya raba ta da mijinta, kuma 'ya'yanta babu wanda ya taɓa taka ƙofar coci. Waɗanda suka yanke wannan hukunci suna ganin aure suke karewa, ba su ga matar ba sam. Taron bishop-bishop na Anglican a Lambeth ya hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma a 1888, sai a 1988 ya sassauta ya ce a karɓe shi da iyalinsa muddin ba zai ƙara aure ba, kada kuma ya kori matansa. Shekara 100 cur kafin a ga abin da kakata da ba ta san ko bihim ba ta gani tun a bakin rafi. Ban ce auren mace fiye da ɗaya koyarwar Almasihu ba ne, kar a juya min magana, na ce ne an gyara abu ɗaya an tattake mutum ba a lura ba.

Yanzu bari in zo kan aikina. A Sudan kaciyar mata ta yi yawa ƙwarai, alƙaluman UNICEF sun nuna kusan mata 87 cikin 100 an yi musu, kuma ba ta bar Musulmi ba ba ta bar Kirista ba. Tun 1946 Turawan mulki suka hana mafi munin nau'inta, ba ta hanu ba, a 2020 aka sake yin doka da ɗaurin shekara 3. Ni da nake karɓar haihuwa na san abin da take jawowa, naƙuda ta yi tsawo, a yi ta yanka ana ɗinki, jini, wata ta ƙare da yoyon fitsari. Amma ka zauna da kakar da ta kai jikarta a yi mata, za ka ga ba ƙiyayya ba ce ko kaɗan, so ne, tana tsoron kar yarinya ta rasa miji, kar a yi mata gori, ita ma haka aka yi mata da uwarta. Wata rana muna shan jabana, wato kofin mutanen Sudan, da wata abokiyar aikina 'yar ƙasar nan, wadda ta taɓa aiki da matan Hausawa sosai, muna wannan hira sai ta ce min, to ku Hausawa fa da kuke dafa mai jego da tafasasshen ruwa kwana arba'in kuna ɗura mata kunun kanwa, ga wanzami ya zo ya cire wa jariri belu da ƙarfen da ba a dafa ba? Gaskiya ta faɗa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano wankan jego da ruwan zafi da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, amma har gobe a gidajenmu, na Kirista da na Musulmi, har gidan ma'aikatan asibiti, in uwar miji ta ɗora tukunya ta karyo ganyen darbejiya babu mai iya cewa uffan. Ita ta ga namu tar, ni na ga nasu tar, kuma kowaccenmu sai da baƙuwa ta nuna mata. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Sai babbar maganar, wadda na san za ta ɓata wa wasu rai. Hausawa da Fulanin Sudan ba jiya suka zo ba. Wasu hanyar Makka ta ajiye su, wasu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sennar, da guminsu aka noma audugar Jazira, su suka koya wa ƙasar nan cin agashe. Duk da haka a watan Yulin 2022 a jihar Blue Nile, da suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka ce ai baƙi ne ba su da ƙasa, rikici ya tashi aka kashe mutum sama da 100, a watan Oktoba aka sake wani a yankin Wad al-Mahi wanda ya fi na farko muni. Na ga matan da suka gudo, tsohuwa da aka haifi kakanta a bakin kogin nan tana tambaya wai ina ake so ta koma, ita Kano a labari kawai take jinta. Da na ji kalmar baƙi sai gabana ya faɗi, don na santa, da ita na girma. A Kano da Katsina da Zamfara ana faɗa wa Kiristan da aka haifa a garin ita, ya nemi filin gina coci ya rasa, ɗansa ya nemi gurbin karatu a tambaye shi asalinsa, mu da muke Hausawa gaba da baya ma ana kallonmu kamar mun ci amanar yare. Muna kuka a kan wannan kuma kukanmu gaskiya ne. Amma a Jos da kudancin Kaduna mu ne ke faɗa wa Bahaushen da kakansa ya zo haƙar kuza shekara ɗari da suka wuce cewa shi baƙo ne, takardar shaidar ɗan asalin gari ba tasa ba ce, kuma muna faɗa daga kan bagade muna cewa amin. Na taɓa zama a wani taron mata masu bi inda mai jawabi ta ce duk Bahaushe maƙiyi ne kar a yarda da shi, da harshen Hausa take faɗa, da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannunta, ni Bahaushiya ina zaune a layi na biyu da ɗankwalin zumunta a kaina. Ba ta nufe ni da sharri ba, ba ta gan ni ba ne kawai. Littafin Firistoci 19:34 ya ce baƙon da ke zaune tare da ku ku ɗauke shi kamar haifaffen gida, ku ƙaunace shi kamar kanku, gama ku ma kun yi baƙunci a Masar. Ayar nan muna sonta in mu ne baƙin, in mu ne 'yan gari sai mu tsallake ta.

Akwai wasu ƙanana da ba ƙanana ba. Yarinya ta yi ciki a coci a tsayar da ita gaban jama'a a karanta sunanta, a sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya wata da watanni ba ta cin jibi, wanda ya yi mata cikin kuwa in ɗan dattijo ne ko mai ba da baiko mai kauri ne sai a ce a rufa asiri, ko a tura shi karatu wani gari. Muna karanta Yahaya sura 8 muna mamakin Farisiyawa da suka kawo matar su kaɗai ba namijin, mu tashi daga nan mu je mitin ɗin dattawa mu yi irinsa. Ga 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya, ran Lahadi tana tafe a bayanmu da jakar madam da goyon ɗan madam, shekara ta zagayo ba ta ga allo ba. Ga gwauruwar da dangin miji za su kwashe mata komai tun ba a share makoki ba, dangin nan kuwa 'yan kwaya ne da dikinoni. Ga auren da za a hana don yaron ba yarenmu ba ne, ko ikilisiyar da za ta ƙi fasto don ba ɗan ƙabilarsu ba. Waɗannan ma da na lissafa ai waɗanda aka fara gani ne, abin da ya fi damuna su ne waɗanda ni da ke rubutun nan ban gani ba, don na tabbata suna nan.

Na san abin da za a ce min. Za a ce ke kina can nesa, ana kashe mana mutane ana ƙona mana majami'u, yanzu ne lokacin da za ki zo ki ce mu binciki kanmu? Ina jin wannan zafin, ni ma na binne nawa, kuma a nan ma coci ba a sake yake ba, an rushe wasu a Khartoum tun kafin yaƙi, yaƙin kuma ya zo ya tarwatsa sauran. Amma wahala ba ta mai da mutum marar kuskure, sau da yawa ma ita ke ƙara rufe ido, don wanda aka zalunta yakan ga duk abin da ya yi halal ne. Wani kuma zai ce wannan hanyar shakka ce, yau ki ce al'ada gobe ki ce Littafin ma a sake dubawa. A'a. Ban yi shakkar Yesu Almasihu ba, ban yi shakkar mutuwarsa da tashinsa ba. Kaina nake shakka, da idon da nake karatu da shi, don idon nan Malumfashi ce ta rene shi, kamar yadda Ingila ta rene na samarin da suka wulaƙanta Crowther. Kuma ba ina cewa duk abin da zamani ya kawo daidai ba ne, zamanin nan ma da tasa makantar, dubi yadda muka mai da kuɗi shaidar albarka har talaka na jin kunyar zuwa coci ranar godiya, kakanninmu da sun ga wannan da sun yi mana faɗa, su ma suna da abin da za su nuna mana.

Bitrus fa ya yi shekara uku yana bin Yesu ƙafa da ƙafa, ya ga tashinsa, Ruhu Mai Tsarki ya sauko masa, ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka tuba, amma duk da haka bai yarda ya shiga gidan wanda ba Bayahude ba sai da Allah ya nuna masa wahayi har sau uku kafin ya tafi gidan Karniliyas, wani sojan Roma, a can ne ya ce yanzu na gane lalle Allah ba ya tara, wato ba ya nuna bambanci. Bayan wannan ma a Antakiya da mutanen Urushalima suka iso sai ya janye ya daina cin abinci da al'ummai, har Barnaba ya bi sahu, sai da Bulus ya tsaya ya gaya masa a gaban kowa. In al'ada ta iya riƙe manzo irin Bitrus haka, ban ga dalilin da fasto ko shugabar zumunta ko ni za mu ɗauka mun tsira ba. Abin da ya cece shi shi ne ya bari an gaya masa, kuma waɗanda Allah ya yi amfani da su sojan Roma ne da mutumin da ya shigo bangaskiya a bayansa.

Shi ya sa nake roƙon shugabanninmu, na ECWA da COCIN da HEKAN da EYN da Katolika da Anglican da Baptist da sauransu, a riƙa ba waɗanda ba a saba ji daga bakinsu ba dama su yi magana ba tare da an ce sun yi rashin kunya ba, matan da mazansu suka mutu, 'yan mata, sababbin tuba, ƙananan ƙabilun da ke cikin ikilisiya, har maƙwabcinmu Musulmi a tambaye shi tsakani da Allah me yake gani a wurinmu da bai dace da abin da muke wa'azi ba, a saurara har ya gama kafin a fara kare kai. Ba duk abin da za su faɗa ne zai zama daidai ba, sai a auna da Maganar Allah, amma a fara ji tukuna. Dawuda da kansa a Zabura 19 roƙo ya yi a tsarkake shi daga laifofin da ke ɓoye masa, ya kamata addu'ar nan ta dawo bakinmu a sujadar safe.

Kai kuma Edita, in da hali ka buɗe mana shafi ko sau ɗaya a wata inda mabiya kowane addini za su rubuto abin da suke ganin ya kamata a gyara a cikin gidansu, ba gidan maƙwabci ba. A namu ɓangaren ina so a fara da batun horo, fastoci da dattawa su rubuto su gaya mana sau nawa aka zaunar da namiji a bencin baya a ikilisiyarsu, matan zumunta kuma su faɗi abin da suka gani. Ina gaida duk masu karatu, a ci gaba da sa mutanen Sudan a addu'a.

Taku,
wata ungozoma mai karanta ku daga Gadarif, Sudan